Waƙa Ba Tsintuwa Ba Ce

'Yan'uwa, akwai wata muguwar al'ada da ta yi kaka-gida a cikin rubuce-rubucen 'ya'yanmu, har ta soma shiga na manya. Ɗalibi zai zauna ya rubuta maƙala domin kwaleji ko makarantar Littafi Mai Tsarki, in ya zo wurin da yake so ya ƙarfafa maganarsa sai ya ce, "kamar yadda wani mawaƙi ya faɗa," ya kawo baiti, ya wuce abinsa. Wani kuma ya ce, "Hausawa sukan ce," alhali kuwa abin da ya kawo ba karin magana ba ne, baiti ne wanda wani bawan Allah ya hana idonsa barci yana aunawa. Wane ne wannan "wani mawaƙi"? Ba shi da suna ne? Ba shi da gari? Malamai suna ganin wannan suna sa hannu, masu buga littattafai kuma suna bugawa. Ni dai ina cewa laifi ne, laifin kuwa iri biyu ne: an yi wa mai waƙa sata, an kuma rufe wa mai karatu hanya.

Cikin dukan mutane, mu ne ba mu da hujja ko kaɗan. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa ba a jawo magana daga Littafi Mai Tsarki sai an faɗi littafi da sura da aya. In mai wa'azi ya hau bagade ya ce, "a wani wuri an rubuta," ya yi shiru, dattawa za su kira shi bayan sujada. Lambobin nan kuwa mutane ne suka sha wahalar sa su domin sauƙin bincike: Stephen Langton, wanda ya rasu a 1228, shi ake dangantawa da rarraba surori, Robert Estienne kuma ya buga Sabon Alkawari da lambobin ayoyi a 1551. Masu tara Zabura ma ba su bar waƙoƙin ba iyaye ba, gama a kan da yawa daga cikinsu an rubuta ta Dawuda, ta Asaf, ta 'ya'yan Kora, har da ta Musa, wato Zabura 90. To, me ya sa hannun da ya saba da wannan ladabi yakan manta da shi da zarar ya taɓa waƙar Bahaushe?

Domin a ga nauyin abin, bari mu dubi 'yan'uwanmu na harshe da ke zaune a ƙasar Sudan. Tun da daɗewa Hausawa suna bin hanyar Borno da Wadai da Darfur a ƙasa zuwa aikin hajji, waɗansu kuwa suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Sa'an nan a watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen, suka yi ta tafiya har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙarfin aikin gonakin, ƙauyukansu suka yawaita daga wajen Wad Madani har zuwa Damazin. Mutanen ƙasar sukan haɗa su duka su kira su Fallata ko Takari.

Mutanen nan ba su iya ɗaukar gidajensu da gonakinsu ba. Abin da suka iya ɗauka shi ne takardu a cikin gafaka da waƙoƙi a cikin ka: waƙoƙin wa'azi, na tarihi, na begen gida, da Hausa da Fulatanci da Larabci. Masana sun je sun zauna da su. Mark Duffield ya buga littafi a kan rayuwar Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya buga nasa a kan ƙauyukan alhazan Jazira a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum kuma ya buga nazarinsa a kan Hausar Sudan a 1999. Ɗalibai a Kano da Zariya da Hartum suna rubutu a kan wannan jama'a, suna kuwa kawo baitocinta.

Yanzu ga abin da ya same su. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025. Sinja ma ta faɗi a Yuni 2024, aka karɓe ta a Nuwamba. A Omdurman ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir ya ƙone a 2023. In wuta ta ci ɗakin karatu na jami'a, ina gafakar wani tsoho a ƙauyen ma'aikatan auduga? Wanda yake gudun ceton rai da yara a hannu ba ya tsayawa neman takardu.

Saboda haka ɗalibin da ya taɓa zama gaban wani tsoho a can, ya rubuta baiti daga bakinsa, mai yiwuwa ne takardarsa ita kaɗai ce shaidar da ta rage. In ya rubuta sunan mai waƙa, da sunan waƙar, da ƙauyen, da ranar, ya bar wa jikokin tsohon wata igiya da za su kama. In kuwa ya rubuta "wani mawaƙi," ya taya wuta aikinta. Mutanen da ake ce musu baƙi bayan sun yi fiye da shekara 100 a wuri, kowace takarda mai suna da kwanan wata tana da daraja a gare su.

Waɗansu za su ce, ai wannan bin diddigi al'adar Turawa ce, mu a wurinmu waƙa ta kowa ce. Wanda ya faɗi haka bai karanta rubutattun waƙoƙin Hausa har ƙarshensu ba. Sau da yawa mawaƙin yakan rufe waƙarsa da ambaton sunansa, ko na mahaifinsa, ko garinsa, wani ma ya faɗi yawan baitocin domin kada a rage ko a ƙara, sa'an nan ya sa ramzi, wato kalmar da haruffanta suke ba da shekarar da aka yi waƙar. Malaman zaure kuma sun saba faɗin wurin wanda suka karanta littafi, da wurin wanda shi ma ya karanta. Ko baƙo ya shigo gari, tambayar fari ita ce ɗan gidan wane ne. Ashe mai waƙa ya riga ya ajiye maka abin da kake bukata a gindin waƙarsa, kai ne ka yanke gindin ka yar.

Ɗauki waƙar nan da ake kira Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa wajen 1831. Ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane ɗango biyu na asali, baiti ya zama mai ɗango biyar. Hannu uku ke nan a cikin waƙa ɗaya. Ɗalibin da ya ciro ɗangon farko na wani baiti ya ce "Shehu ya ce," ya sa wa uba maganar ɗansa a baki. Wanda kuma ya yabi daɗin Hausar waƙar bai ambaci Nana Asma'u ba, ya hana mace ladan aikinta. Da Jean Boyd da Beverly Mack suka tara ayyukan Nana Asma'u suka buga a 1997, sun nuna harshen kowace waƙa da shekararta, sun kuma bayyana cewa takardun gidan Waziri Junaidu na Sakkwato ne tushen aikinsu. Haka ake yi.

Ga wani misali da ya shafi mutanen Mai Wurno kai tsaye. Akwai waƙa a kan zuwan Nasara ƙasar Hausa wadda ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Attahiru. Akwai kuma Waƙar Nasara ta Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, cikin ƙasar Gana ta yau, ya rasu a 1934. Sunayen sun yi kusa da juna, masu su kuwa sun yi nisa. Ɗaya sarki ne wanda ya bar gadonsa ya yi hijira, ɗaya malami ne a zangon fatake wanda ya zauna ƙarƙashin mulkin Turawa har ƙarshen ransa. In ka rubuta "Waƙar Nasara" kaɗai, mai karatu ba zai san wanda yake magana ba, hujjar da ka gina a kan baitin kuwa ta zama gini a kan yashi.

A nan dole in yi wa namu magana a fili. Yawancin tsofaffin waƙoƙin nan Musulmi ne suka yi su, cikin bangaskiyarsu. Akan sami marubuci Kirista ya ga baiti mai kyau a kan mutuwa, ko gaskiya, ko ruɗin duniya, ya so ya yi amfani da shi, amma yana jin nauyin a san inda ya samo. Sai ya ɓoye sunan mai shi, ya cire kalmar da ba ta yi masa daɗi ba, ya sa wata. Wannan shaidar zur ce, doka kuwa ba ta ce a yi gaskiya ga 'yan ikkilisiya kaɗai ba. In baitin ya isa ka ara, mai shi ya isa ka ambata. In akwai abin da ba ka yarda da shi ba, kawo shi yadda yake, sa'an nan ka faɗi ra'ayinka da bakinka. Maƙwabcinka wanda ya haddace waƙar tun yana yaro zai gane gyaran da ka yi, daga ranar kuwa ba zai ƙara gaskata sauran maganarka ba. Tun a 1896 Charles Robinson, limamin ikkilisiyar Ingila wanda ya zo Kano, ya buga waɗansu waƙoƙin wa'azi na Hausa tare da hoton rubutunsu na ajami, domin kowa ya gwada karatunsa da asali. Bai kamata mu kasa abin da baƙo ya yi shekara 100 da ɗoriya da suka wuce ba.

Na san amsar da masu wayo sukan bayar. Sukan ce, ai Manzo Bulus ma da ya kawo baiti a Atina, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, bai faɗi sunan mawaƙin ba. Gaskiya ne. Amma a lura da abu uku. Na fari, bai mai da maganar tasa ba, ya gaya wa mutanen cewa ta mawaƙansu ce. Na biyu, jawabi yake yi a tsaye gaban mutanen da suka san waƙar, wadda masana suka nuna ta Aratus ce, mutumin Kilikiya. Na uku, shi wannan Bulus ɗin, a majami'ar Antakiya ta Bisidiya cikin sura 13, da ya kawo Zabura ya faɗi cewa ta biyu ce. Kai kuwa kana zaune da takarda da alƙalami da makonni a gabanka, kana rubuta wa mutanen da ba za su iya ɗaga hannu su tambaye ka ba. Kada ka ɓuya a bayan manzo.

To, yaya ake yi? Abin ba wuya.

Na fari, faɗi sunan mai waƙa, da sunan waƙar, da lambar baitin, in ɗango ɗaya ka ɗauka ka faɗi na nawa ne. In fassara ce, faɗi mai fassara. In tahamisi ne, nuna ɗangon wane ne. In masana suna shakkar mai ita, rubuta "ana danganta ta ga wane." In ka yi bincike iyakar ƙoƙarinka sunan bai samu ba, rubuta haka a fili, ka faɗi inda ka ji ta. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya nema bai samu ba da wanda bai nema ba.

Na biyu, faɗi inda ka samo. In littafi ne bugagge, kawo sunan wanda ya tara, da maɗaba'a, da gari, da shekara, da shafi. In rubutun hannu ne, faɗi a hannun wa yake, a wane gari, wa ya kwafa, da ajami ne ko da boko. In daga baki ne, faɗi wanda ya rera, da wurin, da ranar, da wurin wanda shi ya koya. Wannan ya fi muhimmanci ga waƙar baka, gama makaɗa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba su cika rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Dole ka nuna faifai ko kaset ɗin da ka saurara.

Na uku, bar wa waƙa siffarta. In baitin ya kai ɗango uku ko fiye, ware shi daga jikin maganarka, kowane ɗango a layinsa, domin a ga amsa-amo, a kuma ji karin. In ɗango ɗaya ne ko biyu, sa su cikin alamar zance, ka raba su da ɗan layi a karkace. In ka tsallake wani abu, sa ɗigo uku. In ka ƙara kalma domin bayani, sa ta cikin baka biyu domin a san taka ce. In kana rubutu da Turanci ko Larabci, kawo Hausar tukuna, fassara ta biyo baya.

Na huɗu, kada ka yi gyara. Mawaƙi yakan ja wasali ko ya gajarta kalma domin kari ya daidaita, yakan yi Sakkwatanci ko ya kawo tsohuwar kalma. Hausawan Sudan kuma harshensu ya sha Larabci, a lafazi da kalmomi, wannan shi ne abin da littafin Abu-Manga ya bi diddiginsa. In tsohuwa a Jazira ta rera da irin Hausarta, kai kuma ka mai da ita daidaitacciyar Hausar makaranta, ka shafe shaidar tafiyar da waƙar ta yi. Garin gyaran gira ka tsone ido. Rubuta yadda ka ji, bayani ya tafi ƙasan shafi.

Na biyar, yi hankali da ajami, musamman wanda ya yi karatu a makarantun Sudan ko na Masar. Rubutun da kakanninmu suka tafi da shi irin na Magrib ne. A cikinsa harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, harafin ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, ɗigo ɗaya a sama fa ne. Saboda haka wanda bai sani ba zai ga "ƙasa" ya karanta "fasa," ya ga "ƙari" ya karanta "fari." Haka kuma lissafin ramzi ya bambanta. A lissafin Magrib harafin shin 1000 ne, a na gabas kuwa 300. A ce ramzi ya ƙunshi shin da ra da mim da zai: a wurinmu 1247 ke nan ta Hijira, wato wajen 1831, amma da lissafin gabas 547 zai fito. Kuskuren shekara 700 daga harafi ɗaya. Shi ya sa ya wajaba ka faɗi wanda ya juya rubutun zuwa boko, in da hali ka sa hoton shafin.

Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa. A lokacin yaƙi, ambaton sunan mutum da ƙauyensa a takarda yana iya jawo masa masifa. Wannan gaskiya ne, rai kuwa ya fi maƙala. Amma maganinsa shi ne ka nemi izinin mai rerawa tun kafin ka rubuta. In ya ƙi, ko kuwa kai ka ga hatsari, faɗi yankin da shekarar, ka bayyana cewa an sakaya sunan da gangan, ka ajiye cikakken bayani wurin malaminka har ƙura ta lafa. Wannan kāriya ce ga mai rai. Ba ta ba ka izinin shafe sunan mawaƙin da ya yi shekara 100 a kabari ba.

Gyara kuwa daga gida yake farawa. Waƙoƙi nawa muke rerawa kowace Lahadi waɗanda yawancinmu ba mu san wanda ya yi su ba, balle wanda ya juya su zuwa Hausa? Waƙoƙi nawa na zumuntar mata da ƙungiyoyin mawaƙa suka zaga ikkilisiyoyi daga Wusasa har Maraɗi, aka manta da matar da ta fara rera su tana daka? Kowane magatakarda na ƙungiyar mawaƙa ya sayi littafi guda, ya riƙa rubuta sunan mai waƙa da shekara a kan kowace sabuwar waƙa. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa ko babban ilimi.

Ku malaman makarantu da masu tace rubutu a maɗaba'a, nauyin yana wuyanku. In ɗalibi ya kawo muku takarda mai "wani mawaƙi," ku mayar masa, ku ce ya je ya nemo. Zai yi gunaguni yau, gobe zai gode. Ku iyaye da dattawa, in yaro ya zo neman baiti a wurinku, ku ba shi tare da sunan wanda ya koya muku, ku tsaya har ku ga ya rubuta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu waɗannan waƙoƙi da yawa sun riga mu, waɗansu a Sakkwato, waɗansu a hanyar gabas, waɗansu a bakin Nilu, ba za su ƙara rera su da bakinsu ba. Abin da ya rage a gare mu shi ne mu kira su da sunansu duk lokacin da muka ari maganarsu. Allah ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu. Amin.